Gyalen da Yarima Ya Kawo Min

Ko da zan manta komai na zamanmu a unguwar Nakkasa, can ƙasa mai tsarki, ba zan taɓa mantawa da gyalen nan ruwan hoda ba, da masoyin da ya kawo min shi.

Lokacin ba a rushe gidajen kan dutse ba. Ina budurwa, aikina in taya Umma suyar ƙosai da safe, da rana in kwanta da littattafan soyayya da alhazai ke zuwa mana da su daga Kano. Wata rana na fita zubar da shara, sai na tarar da kare a bayan tankin ruwanmu. Ƙashi da fata, ƙazuwa ta cinye bayansa, igiyar da aka ɗaure shi da ita ta nutse a naman wuyansa. Ko haushi ba ya iya yi. Ya ɗago ido ya kalle ni kawai, zuciyata ta karye.

Na san halin unguwarmu. Idan aka gan shi, ko yara su jefe shi, ko a kira masu kama karnuka. Don haka a ɓoye na yi jinyarsa. Na sa leda a hannu saboda najasa, na yanke igiyar da almakashi, kullum ina shafa masa man kaɗanya da tsinke, ina kai masa ragowar shinkafar kabsa. Na sa masa suna Yarima (kada ku tambaye ni dalili). Kafin azumi ya zo, gashi ya fito, har yana kaɗa min wutsiya.

A daidai lokacin ne aka fara ajiye min kyauta a bakin ƙofa. Na farko farin hankici. Bayan kwana biyu, hula ɗinkin hannu. Sai kuma gyalen nan mai duwatsu, yana ƙamshin turaren wuta. Nan take na san wanda ya yi. Nura ne, ɗan ƙanin maƙwabciyarmu Hajiya Rakiya, wanda ya zo daga Zariya karatun shari'a. Kullum zai wuce ƙofarmu zuwa masallaci kai a sunkuye, bai taɓa kallona ba. A littafi kuwa, mai sunkuyar da kai ya fi kowa yin nisa. Na riƙa leƙensa ta taga, duk tarin da ya yi sai na fassara shi. Gyalen kuwa da shi nake kwana, a kan fuskata.

Unguwa kuma ta rikice da zancen ɓarawo. Kaya suna ɓata daga igiyar shanya, kowa na hararar kowa. Ni ma ban zauna shiru ba: na ce wa Umma ni dai idon mai kawo tukunyar gas bai kwanta min ba. (Allah ya yafe min, bawan Allah nan har yau ina jin nauyinsa.) Ko sau ɗaya ban haɗa ɓatan kayan mutane da samun nawa ba.

Ranar sunan jikar Hajiya Rakiya, bayan la'asar, na ci ado na yafa gyalen, don Nura ya san saƙo ya iso. Ina cire abaya a falo, Hajiya ta ajiye farantin dabino.

"Ke 'yar nan, ya binti, zo nan." Ta kama bakin gyalen ta juya. "Ga ƙunar garwashi nan, ni na yi ta da hannuna. Sati biyu ina nemansa!"

Matan falo duk suka juyo suna kallona.

"Kyauta aka yi min, Hajiya."

"Wa?"

Da na yi shiru da na tsira da rabin mutuncina. Amma na sunkuyar da kai, na yi murmushin nan da 'yan matan littafi ke yi, na ce, "Ki tambayi Nura."

Umma ta dafe ƙirji. Aka aika a kira Nura daga wajen maza, ya tsaya bayan labule.

"Wallahi Gwaggo," in ji shi, "ni ma hulata nake nema. Wace ce ma take magana?"

Ko sunana bai sani ba.

Hajiya ta miƙe ta ce halas, magana ta ƙare, a je gidanmu a ga sauran kayan. Muna fitowa ta nemi takalminta a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya babu. "To wannan kuma fa?" in ji Umma. "Ai tana ciki tare da mu!" Sai wata ta yi salati tana nuna matakala. Ga Yarima can yana hawa, takalmin Hajiya a baki. Muka bi shi, mata reras. Ya isa ƙofarmu, ya ajiye takalmin a hankali, ya zauna yana kallona yana kaɗa wutsiya, yana jiran yabo.

"Ga ango nan," in ji wata, aka bushe da dariya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ciro waya za ta kira masu kama karnuka. Ni da na kasa ɗaga ido tun a falo, sai ga ni tsaye tsakaninta da kare ina kuka, ina faɗin yadda na same shi, ina nuna tabon wuyansa. Na ce a kira ni ɓarauniya har in mutu, amma a bar shi.

Nura ne ya cece shi. Daga can ƙasan matakala, kai a sunkuye, ya ce shari'a ta yarda da karen kiwo, kuma akwai wani dattijo mai garken tumaki a bayan gari da yake neman ɗaya. Washegari aka tafi da Yarima. Na ji ya yi ƙiba, makiyaya kuma sun koyi rataye takalmansu.

Hajiya ta bar min gyalen, ta ce ba za ta sa abin da ya shiga bakin kare ba. Sai a lokacin na tuna inda gyalen yake kwana. Na wanke fuskata da ƙasa har ta yi ja.

Nura ya auri wata 'yar unguwar Shisha. Ni kuwa har yau, idan maigidana ya shigo da tsaraba, kafin in yi godiya sai na duba ko da yawu a jiki.