Iri Shida a Fangali Shida

Wani ne ya samu aikin lambu a wata cibiyar binciken tsirrai, bayan ya shekara biyu yana zaune a gida. Aka ce gwaji ne na wata uku, kuskure ɗaya a sallame shi. Ranar da ya fara, Dakta mai kula da wurin ya yi tafiya. Mutumin nan ya ce bari ya nuna ƙwazo.

A bayan ofis ya tarar da fangali shida, kowanne da ɗan allo mai dogon rubutu. Cikinsu kuwa ba komai sai wata 'yar ciyawa mai kwanciya a ƙasa, da ɗan fure shuɗi kamar ƙwayar ido. Ya girgiza kai, ya ce, "Dubi ƙazanta! Har ciyawa ta cinye shukar." Ya sa fartanya ya share tas, ya tara ya cinna wuta. Allunan kuwa ya goge su da tsumma har suna ƙyalli.

Yana sharce gumi sai ga Baba mai gadi. Tsohon ya tsaya, ya ɗora hannu a ka.

"Kai, ina furannin Dakta?"

"Ban ga fure ba, Baba. Ciyawa dai na cire."

"Ciyawar ita ce furen! Dangi ɗaya ce, iri shida. Shekara ashirin yana hawa duwatsu yana tattaro su. Ko 'ya'yansa bai san su kamar yadda ya san su ba."

Mutumin ya ruga inda ya cinna wutar. Ya tona tokar, babu ko ganye. Sai a gindin baro ya tsinci dunƙule ɗaya na ciyawar da ya maƙale, da ƙasarsa. Ya cusa a aljihu ya nufi gida.

Matarsa na wanke-wanke ya zube mata labari. Ta karɓi dunƙulen, ta juya shi, ta ce, "Maigida, ai wannan ba ta mutuwa. Muddin saiwar na nan, kowace shekara sai ta tofo. Raba ta za ka yi."

"Iri shida fa aka ce!"

"To alluna nawa ne?"

"Shida."

"Ka ƙone su?"

"A'a, har goge su na yi."

"To ka raba shida," ta ce, ta ci gaba da cuɗa tukunyarta.

Haka ya yi, ya dasa ɗaya a kowane fangali. Mako uku yana ban ruwa, yana korar kaji, har laima ya kafa wa na ƙarshen don ya ga yana yaushi. Duk suka kama, suka yi fure.

Dakta ya dawo da baƙi takwas, kowa da littafi da biro. Mutumin ya laɓe a bayan baro. Dakta ya durƙusa a fangalin farko, ya karanta allo, ya fito da gilashin ƙara girma.

"Wannan ganyenta gashi-gashi ne," ya ce. Baƙi suka rubuta.

Ya matsa na biyu. "Wannan kuwa sumul. Kun gani?"

"Ƙwarai, ƙwarai," suka ce, har da wadda ta manta tabaranta a mota.

A na uku ya ce shuɗinta ya fi duhu. A na huɗu ya ce ƙamshinta daban ne, wani mai gemu ya sunkuya ya shaƙa, ya ce shi ma ya ji. A na shida Dakta ya daɗe yana leƙe, ya ce yana zargin ma ta rabu biyu, watakila a samu iri na bakwai. Aka tafa.

Ya miƙe yana karkaɗe wando, ya ce, "Aikin ido ne. Jahili ne kawai zai ce duk ɗaya suke." Ya hango mutumin, ya yafito shi. "Kai ne sabon mai lambu? Ban taɓa ganinsu da lafiya haka ba. Gwajinka ya ƙare, ka zauna."

Daɗi ya kashe mutumin. Ya cire hula, ya ga ai shi ma ya kamata ya yaba.

"Wallahi yallaɓai, boko gaskiya ne! Ni da na ɓalle su daga tushe ɗaya da hannuna, har yau ban ga bambancin ba."