Yadda Za Ki Rufe Taga Har Yayar Miji Ta Manta Akwai Waje

Idan kika bi matakan nan, ina ba ki tabbacin babu baƙon da zai san abin da ke bayan tagarki. An gwada su a falon matar Auta, kuma sun yi aiki lafiya lau har na minti arba'in.

Ga yadda abin ya same ta. Yayar mijinta, wadda kowa ke kira Anti Babba, ta samo musu gida ƙofa da ƙofa da nata. Matar Auta ta lallaɓa mijinta suka kama wani can nesa, har bakinta ya suɓuce ta ce wa Anti tagar falonsu wani lambu take kallo. Tagar kuwa kicin ɗin maƙwabciya take kallo, kusancin da in kin miƙa hannu sai ki ɗauko ludayi. Anti ta ce za ta zo ranar Asabar, in gidan bai yi mata ba su tattara su dawo kusa da ita.

1. Fara da mai tauri

Ki sayi labulen katako, mai sanduna jere irin na ofis, wanda ake ja da igiya. Babban amfaninsa shi ne babu wanda ya iya buɗe shi. In an ja dama ya karkace hagu, in an saki ya zubo gaba ɗaya. Da kafinta ya gama ɗaura na matar Auta, sai ya ce, "Madam, kar ki taɓa igiyar nan. Shekarata tara ina ɗaura su, ni ma ban taɓa ja ba."

2. Ɗora mai laushi

Ki sa farin leshi mai shara-shara a kan katakon. Masana sun ce katako yana ba taga kwarjini, yadi kuma yana ba ta kunya. Taga mai kunya ba a yi mata tambaya.

3. Danne su da mai nauyi

Yanzu sai labule mai kauri, wanda ya kai ƙasa har yana sharar tayil. Za ki gane ya yi idan mai gidan ya shigo da tsakar rana ya yi tuntuɓe da kujera. Auta ya yi, yana dafe da gwiwa ya ce, "An ɗauke wuta ne?"

"Ado ne."

"To ki ce wa adon ya nuna mini inda takalmina yake."

Kada ki kula shi. Namiji ba ya gane labule sai ranar da za a cire a wanke.

4. Tare hanya

Ki jawo teburi gaban tagar, ki jera masa furen roba da hotunan dangin miji. Ki sa hoton baƙuwar a tsakiya. Ba wanda ke ture hoton kansa don ya leƙa waje.

5. Zaunar da ita ta ba taga baya

Anti ta zo, ta shafa labulen, ta ɗaga gira. Matar Auta ta ji zuciyarta ta ɗan kwanta. Can Anti ta fara fifita da gefen mayafi.

"Ke, ba kwa shan iska a gidan nan ne? Buɗe in ga lambun."

"Rana ce, Anti, tana kashe kalar kujeru."

"Hadari ne fa a garin."

"Ai ta bayan hadari ta fi ɓarna."

Ki riƙe irin wannan amsar. Ba sai ta yi ma'ana ba, ta dai fito da sauri.

6. Ki tuna labule ido yake tarewa

Nan ne matar Auta ta yi sake. Ta shirya wa ido hawa uku, ta manta da kunne. Suna zaune sai murya ta fito daga cikin lambun, ras kamar a falon.

"'Yata, miƙo mini ashana! Baƙuwar da kike ta fargaba ce ta iso?"

Tsohuwar nas ce, maƙwabciyar, wadda kullum ta nan suke musayar gishiri da labari. Anti ta miƙe. Ta kawar da hotonta da hannunta, ta yaye mai nauyi, ta ɗage leshi, ta ja igiya. Katakon ya tashi sumul, karo na farko kuma na ƙarshe.

Anti da nas suka ƙura wa juna ido. Matar Auta ta fara lissafin kwalayen da kayanta za su ci.

"Ke ce yayar?" in ji nas. "Kin ji abin da matar mai kemis ta yi wa surukarta kuwa?"

Anti ta jawo kujera.

Bayan awa biyu ta juyo, fuska a sake. "Matar Auta, ba inda za ku je. Gida ya yi." Ta saɓa jaka. "Sista, sai Talata. Ki ajiye mini ƙarshen."

Tun daga nan Talata da Asabar take zuwa, wani lokacin har da Alhamis.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba ta da hannu a duhu, zufa, targaɗen gwiwa, ko baƙuwar da ta mayar da falonki majalisa. Matar Auta ta tsira da gidanta kamar yadda aka yi alkawari. Wanda zai riƙa zama a ciki kuwa, ba a yi da ni ba.