Ranar Da Na Yi Wa Ardo Albishir A Bainar Jama'a

Ba zan taɓa mantawa da tarin da Liman ya yi ba a ranar nan. Ba tarin mura ba ne, irin wanda babba yake yi ne idan yaro ya taka inda ba a takawa. Ina tsaye da lasifika, bakina bai gama rufuwa ba. Na san na yi ɓarna, amma wallahi ban san wacce ba.

Bari in koma baya kaɗan. Da na gama sakandare a Rano zaman gida ya ishe ni, sai aka samo min aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke wajen Tarai. Aikina ɗora mata a kan sikeli ranar awo da miƙa musu ƙwayar ƙarin jini. (A gida har an fara ce min Likita, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.) Shugabarmu, Anti Rabi, ta daɗe tana lallaɓa Fulanin rugar da ke bayan gari su bar matansu su riƙa zuwa awo. Ta kai gwauro ta kai mari, har Allah ya sa Ardo ya yarda zai zo taron masu ruwa da tsaki da ta shirya a gindin darbejiyar asibitin. Dagaci ya zo, Liman ya zo, ungozomomi suka cika tabarma guda. Ardo da mutanensa suka zauna gefe, sandunansu a ƙasa.

Ranar kuwa muryar Anti Rabi ta dishe. Ta ce min, "Ke za ki yi bayanin awo. Ki taƙaita, kuma ki yaba wa kowane babba, kada ki tsallake ko ɗaya."

Na yaba wa Dagaci a kan gyaran burtsatse. Na yaba wa Liman a kan huɗubarsa. Da na zo kan Ardo sai kaina ya ɗauke, don ban san abin da ya taɓa yi mana ba. Ina ta lalube, sai na tuna da Shatu, matar babban ɗansa. Kullum sai mata sun watse take shigowa, da ƙwaryar nono a ka kamar talla ta kawo, a auna ta, ta sulale. Maimakon in tambayi kaina dalilin wannan ɓoyo, sai na ji kamar na tsinci dami a kala.

Na gyara murya na ce, "Shi kuwa Ardo, ran shi ya daɗe, shi ne abin koyi. Ga surukarsa Shatu nan, cikin fari ne da ita, ya yi nisa, ba ta taɓa fashin awo ba. A tafa masa!"

Na maƙale lasifika a hammata na tafa. Ni kaɗai.

Nan ne Liman ya yi tarin nan. Ardo ya jawo malafarsa ya rufe fuska. Dattijon da ke kusa da shi ya juya wa taro baya gaba ɗaya. (Daga baya na ji ashe mahaifin Shatu ne. Surukai biyu a tabarma ɗaya, ni kuma na shiga tsakaninsu da zancen ciki.) Ardo ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Abin haushin, ni ma na san kunyar ɗan fari. Mahaifiyata har gobe ba ta kiran sunan yayana. Amma da na ji muryata tana tashi a sama, hankalina ya bi ta.

Dagaci ya dubi Anti Rabi ya ce, "Rabi, wannan 'yar taki ce?" Shi ke nan abin da ya ce, taro ya watse.

A ofis ba ta yi min tsawa ba, da ma ta yi. Da disasshiyar muryar nan ta ce, "Sirrin mai awo kika shelanta. Kin san ƙafafun yarinyar nan sun fara kumbura, jininta yana hawa. Idan aka hana ta zuwa saboda ke, me za ki ce wa Allah? Kuma idan ruga ta janye, kwamitin asibiti zai ce a sallame ki, ni ba ni da bakin kare ki."

Ranar awo ta zagayo, ko mace ɗaya ba ta zo daga ruga ba. Duk ƙarar babur sai in leƙa, ko Shatu ce aka kwaso ranga-ranga. Tuwo ya daina wuce min. Mahaifiyata ta ce, "Likita, yau ma azumi ake?" Na fashe da kuka a kan kwano.

Na ce wa Anti Rabi mu je in durƙusa wa Ardo. Ta ce, "Ki ƙara masa wata kunyar? Ba a haka." Muka bi ta wajen Dagaci. Ya bar mu a durƙushe har ƙafata ta yi tsami, sannan ya ce, "Ku da Ardo ba ku da magana. Ku je wajen Dada." Dada ita ce matar Ardo, wadda ba wanda ya tuna ya gayyace ta taron.

Muka hau babur da ƙullin goro. Muka same ta a ƙofar bukka tana kaɗa nono. Ta amsa gaisuwar Anti Rabi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai shelar?"

"Ni ce, Dada."

"Kai, Kaɗo da baki! Ku in ba ku faɗa ba, ciwo yake muku?"

Na zube ina ba da haƙuri, hawaye da majina. Ba ta hana ni ba, ta ci gaba da kaɗa nononta har na gaji don kaina. Sannan ta ce, "Wa kike tsammani yake ɗora mata ƙwarya a ka ranar awo? Ni ce. Wa yake kau da kai idan za ta fita? Ardo. Ya sani, uban yarinya ya sani, na san sun sani. Kowa ya rufe bakinsa ana zaune lafiya, sai ga ki."

Anti Rabi ta ce, "To Dada, fushi ne ya hana ta zuwa?"

"Wane fushi? Kunya ce. Yarinya ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Shi kuma Ardo ya rasa idon da zai kalli surukinsa, tun ranar yake bin shanu daji da furfurarsa."

Na so in yi dariya, tsoro bai bar ni ba. Na ce, "Ƙafafunta fa, Dada?"

"Na gani. Gobe da kaina zan kawo ta, ta ƙofar baya. Ke za ki auna ta, amma ki bar bakinki a Rano." Ta miƙo min ludayin nono. "Sha. Na yi wa Ardo magana, zai aika wa Dagaci. Ba mai korar ki, 'yata."

Daidai lokacin aka kira la'asar daga cikin gari. Na karɓi ludayin na kafa kai, har rabi ya zube a hijabina. Ranar na koyi karatun da ba a ba mu a sakandare ba: a gaban manya, abin da kowa ya sani shi ne ba a faɗa, kuma in ka rasa abin yaba wa mutum, ka ce Allah ya ƙara masa lafiya, ka nemi wuri ka zauna.