Jan Fenti a Unguwar Baƙi

Wata bakwai ke nan babu ƙanena Mas'udu, kuma tun ran da ya rasu ba a sake yin dariyar kirki a ƙofar gidanmu ba. Ni ban iya ba da labari irin nasa ba, amma ga ɗaya da na riƙe.

Wani ne ya taso daga wani ƙauye a bayan Daudawa, lokacin da mutane ke ta kwararowa cikin Ƙanƙara. Ya samu fili a bakin gari, ya yi ɗaki biyu da zaure, ya kafa turken awaki. Unguwar kowa ya gina inda ya ga dama, har hanyar ruwa an toshe.

Rannan sai ga ma'aikatan tsara gari da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Duk gidan da ya ci hanya sai su zana masa jan gicciye. Shi kuwa a ƙauyensu abu ɗaya ya sani: in ma'aikata suka yi zane a ƙofarka, rabo na tafe. Masu gidan sauro haka suka yi, masu taki ma haka.

Suka zana wa maƙwabcinsa Sha'ibu, suka tsallake shi. Ya bi su da gudu.

"Ranka ya daɗe, mi za a raba?"

"Ba rabo ba ne, Baba, hanya za a fitar. Kai gidanka lafiya lau, ba ka cikin takarda."

"To ku sa ni mana! Don ni baƙo ne?"

"Baba, ka gode wa Allah ka koma gida."

Ya dawo yana huci, ya iske Sha'ibu ya zabga tagumi a gindin katanga.

"Malam Sha'ibu, ka samu kana ɓata fuska don kar a roƙe ka ko?"

Sha'ibu ya ce, "Wallahi da alamar nan tana ɓantaruwa da na ba ka ita kyauta."

"Haka masu samu ke cewa."

Washegari ya tafi kasuwa ya sayo fenti, ja wur. Ya zana a zaure, ƙato, ya ninka na Sha'ibu sau uku. Ya zana a katanga ta gabas, ya zana ta yamma. Ya ga fenti ya rage, ya zana a bangon turken awaki.

Matarsa Ummu Salma ta leƙo ta ce, "Malam, ka dai tambaya kuwa? Na ga matan Sha'ibu suna kwashe kwanuka."

"Wuri suke gyarawa inda za su zuba kaya. Ke ma ki share tsakar gida."

Bayan kwana shida, da hantsi, sai ga katafila ta shigo unguwa. Mutumin ya sa babbar riga, ya fito da buhuna biyu, ya tsaya bakin ƙofa yana ɗaga wa direba hannu kar ya manta da shi.

Katafila ta ɗaga baki, ta ɗora a zauren Sha'ibu. Rugum!

Buhuna suka faɗi. Mutumin ya ruga ya baza riga ya rufe zanen zaurensa. Ya tuna na gabas.

"Ummu Salma! Kawo tabarma ki tsaya gabas!"

"Yamma fa?"

"Jingina ƙyauren ɗaki!"

"Na awaki fa?"

"Ki kora su su tsaya a gaba!"

Katafila ta iso ta tsaya, tana gurnani. Babban ma'aikacin ya sauko daga mota da takarda, ya ɗaga hannun rigar mutumin, ya ga jan gicciye kamar an yanka sa a bango.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Adon gida ne na yi, ranka ya daɗe. Haka muke yi a garinmu."

Ma'aikacin ya duba takarda sama da ƙasa, yana danne dariya. "Ai na faɗa maka, sunanka ba ya ciki. Direba, wuce."

Mutumin bai sauke riga ba sai da katafila ta sha kwana. Sannan ya zube zaune a ƙasa, ya ɗaga hannu sama, ya dubi jama'ar da ta taru.

"Ya Allah, yadda gwamnati ta manta da ni yau, Ka sa kar ta sake tunawa da ni har abada. Jama'a, don Allah ku ce amin!"