Rasuwar Siririya, Wuƙar Kifin Inna Lantana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da kwana uku ke nan ba su yi ƙarnin kirki ba, Inna Lantana mai suyar kifi a kasuwar Talata Mafara tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan ciniki, na Mafara da Bakura da Maradun, rasuwar wuƙarta ta gyaran kifi, wadda anka sani da Siririya. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, a gaban shaidu, kanta na cikin wuyan wata tarwaɗa.

An haife ta a Maradun, a maƙerar wani tsoho da ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, daga guntun sifirin na wata motar ɗaukar hatsi. Shekarar da Inna tay yaye Ukasha ce. Shi Ukashan ɗanta ne na huɗu, ba na fari ba, saboda haka babu wata kunya da za ta hana a ambaci sunanshi cikin wagga sanarwa, kuma za a ambace shi. Ranar da anka kawo marigayiya faɗinta ya kai yatsa uku. Dutsen washi yay yi ta lasar ta kaɗan-kaɗan shekara talatin da wani abu, har tad dawo kamar ganyen albasa. A nan ne tas samu sunanta, a nan ne kuma tak kai ganiyarta.

Duk wanda yas san ta zai shaide ta. Mace ce mai ladabi: idan ta tarar da ƙaya sai ta lanƙwasa ta bi gefenta, ta raba ta da tsoka ba gardama, ta fito ta miƙe sarai. Tsawon rayuwarta ba ta taɓa fasa maɗaciyar kifi ba. Wanda yat taɓa sayen karfasa mai ɗaci a wani wuri ya san girman wagga shaida, ya kuma san wurin. Ba ta da yawan magana. Da safe a kan dutse takan ce shaf, shaf, shaf, a bayan karfasa ta ce ƙarrr, a cikin ragon ruwa kuwa ba a jin ta sam. Ba ta yawon aro gida-gida ranar layya. Sau biyu tak tay yanki uwar ɗakinta, kuma duka biyun Inna ce taɗ ɗauke ido tana kallon faɗan da bai shafe ta ba.

Ciwon ajalinta tausayi ne. Ukasha, ma'aikacin ofis mai biro biyu a aljihu, yag ga uwarshi duƙe a kan dutse kullum, abin yat taɓa mishi rai. Ranar Litinin Inna ta tafi suna, sai yaz zare marigayiya daga kubenta yak kai ta wurin mai walda, a wasa ta da inji. Waɗanda sunka ga abin sun ce ta yi ƙara, wiiii, irin wadda ba a taɓa ji ta yi ba, tartsatsi na tashi. Yad dawo da ita tana ƙyalli, ƙugunta ya sirance kamar takarda, bakinta ya yi shuɗi. Yam miƙa ta shina murmushi, yac ce, “Inna, minti biyu kacal.” Inna tad duba shuɗin nan, tag gane ruwan da maƙeri yab ba ƙarfen ya ƙone. Tac ce, “Allah shi yi albarka,” don ba ta samu abin da ya fi shi nauyi a kusa ba.

Duk da haka marigayiya ta fita kasuwa washegari, don ba ta san zaman jinya ba. Ta gyara karfasa bakwai da ƙyar. Da anka zo kan tarwaɗar nan tas shiga, tal lanƙwasa yadda tas saba, ba ta miƙe ba. Maganarta ta ƙarshe ita ce ƙas.

Ta bar mijinta, dutsen washi, wanda zaman aure yay yi wa rami a tsakiya, yanzu shina jingine a bango ba mai ko yayyafa mishi ruwa. Ta bar gungumen da ake yanka a kai, da kasko, da matsami, da kube wanda ba zai shigi kowa ba bayanta. Ta bar kyanwar bayan rumfa da 'ya'yanta huɗu, waɗanda ba su san wani abinci ba sai hanjin da tac ciro musu. Ta kuma bar yayanta Ukasha, wanda tun gawa ba ta huce ba yac ce, “Inna, ai wannan ishara ce. Ki zauna gida ki huta haka nan.”

Ana gode wa waɗanda sunka yi gaggawar zuwa gaisuwa. Sa'adatu, mai suya a ɓangaren rana, ta zo har sau biyu da hawayenta, kuma kowane zuwa daronta shina ƙara matsowa inuwar dogon yaro inda Inna take zama. Manu masunci na Bakolori, wanda kwandonshi na farko bai taɓa wuce gaban Inna ba, ya aiko da ta'aziyya mai ratsa jiki. Ya haɗa da cewa kifi ba ya jiran a gama makoki, Talata mai zuwa zai sauke kaya gaban wadda yag ga wuƙa a hannunta.

Saboda haka anka shiga neman magajiya tun ba a share hawaye ba, wadda ba za ta fi ƙarfin aljihun mai suya ba. Ukasha yaf fara nuna wata cikin wayarshi, 'yar ƙasar waje, har da sunan dangi. Da anka ji kuɗɗinta Inna tat tambaya ko tare da akuya ake bayar da ita. Sai yas sayo wasu guda shida cikin kwali ɗaya daga Gusau, masu araha, farare tas, da mariƙin roba. Inna ta gwada babbarsu. Yauƙin tarwaɗa na taɓa robar taz zille kamar sabulu. Anka ɗora ta a dutse, dutse yaƙ ƙi kama ta. Mutum na ganin fuskarshi a jikinta sosai, an bar wa matar Ukasha su don wannan amfanin. Mahaucin layin ya ba da aron tashi don zumunci. Baiwar Allah ce mai ƙarfi, amma ba ta san bambancin karfasa da ƙafar sa ba, kifi ukun farko duk ta fasa musu maɗaciya. An mayar da ita da godiya.

Abin da Inna take nema ba shi da yawa: baƙin ƙarfe mai jin maganar dutse, siriri, wanda zai lanƙwasa ya dawo, da mariƙin ice mai kaushi wanda jiƙaƙƙen hannu zai riƙe. Auwalu maƙerin Bakura ya ce zai iya, kuma kuɗɗin ba za su hana kowa barci ba. Sharaɗinshi biyu ne: a kawo gawar ya auna, a kuma zo da mai zuga, don wanda yake mishi ya tafi girbin shinkafa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, yac ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma Inna ba ta jayayya da malamai. An jinkirta zuwa Asabar saboda ranar ce babu ofis. Za a naɗe marigayiya cikin ƙyallen atamfa mai tsabta, a tashi daga ƙofar gida bayan an karya kumallo. Ukasha ne zai ɗauki gawa a babur ɗinshi, Inna na baya. A Bakura zai tuɓe agogo ya zauna kan zuga-zugi har a gama ƙira, don ya ga da idonshi minti nawa ake yi. Daga nan za a binne guntayen biyu a bayan maƙera, inda babu wutar lantarki.

Za a karɓi gaisuwa ranar Talata a inuwar dogon yaro, tun daga saukar kwandon Manu har mai ya ƙare a kasko. Ba a buƙatar goro. Mai son sanyaya zuciyar masu makoki ya zo da yunwarshi. Sa'adatu kuma an yafe mata zuwa na uku, sai dai ana roƙonta ta janye daronta kafin lokacin. Wuƙa ce tar rasu, mai wurin tana nan.