Bindigar da Ba Ta Faɗuwa a Kasuwa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, masu karatu, na wuni a layi cikin ranar nan tamu ta Texas mai soya ƙwaƙwalwa, rungume da bindiga naɗe a tsohon bargo kamar mai jego ta kai jariri awo. Da yamma na koma gida da bindigata, da bargona, da ƙeya ja jawur, ba ko sisi a aljihu. Tun da kun saba da ƙorafina a wannan shafi, bari ku ji yadda aka yi.

Asalin maganar aladun daji ne. Ina da 'yar gonar kankana a bayan gida, ita ke biya mana harajin gida da kuɗin wuta inda fansho ya gaza. Bana ta yi kyau har ina tsayawa ina kallonta ina murmushi ni kaɗai. Sai aladu suka gano ta. Garke guda suke shigowa, su fasa wadda za su ci, su tattake wadda ba za su ci ba, su tafi abinsu.

Ba zan yi wa manyanmu na saman bene ƙazafi ba, abin ya dame su ƙwarai. Lokacin neman ƙuri'a, Mai Girma Uban Alkawura ya hau bayan a-kori-kura, ya dafa ƙirji, ya ce in dai ya hau kujera, alade sai dai a gan shi a hoto. Da ya hau kuwa bai yi wasa ba, nan take ya kafa kwamiti. Kwamitin ya tare a wani otal na bakin teku don nazarin halayyar alade, ya dawo da shawarar a kafa allo. Allon na nan a bakin titi, an rubuta a yi hattara akwai aladu. Mu dama mun sani. Su kuma aladun sun ji daɗin ƙarfen, a jikinsa suke sosa baya kafin su wuce gonata.

Da na ga haka sai na ce zan sayi bindiga. Ni kaɗai ne magidancin da ba shi da ita a duk yankinmu, don ta mahaifinmu ƙanena ne ya gaje ta. Matata Glenda ta ajiye cokali ta dube ni.

"Baban Cody, ba zan hana ka ba. Amma kar ta yi tsada, kuma ranar da ka gaji da ita mu iya sayarwa mu mai da kuɗinmu."

Na ce, "Yaushe kika taɓa ganin na gaji da abu?"

Sai ta ɗaga labule ta nuna min kwale-kwalen da na saya shekarun baya, wanda yanzu kaji ke ƙwai a ciki.

Na tafi shagon Hoyt mai sayar da bindigogi. Tare muka yi makaranta da shi, tun a lokacin yana sayar mana da alewar da aka raba mana kyauta. Na faɗa masa sharuɗɗan uwargida, ya gyaɗa kai kamar likita.

"Lonnie, kar ka kalli sababbin nan masu ƙyalli. Kana tsallake ƙofar nan da ita ta zama ta hannu, kuɗinka ya ragu. Nemi tsohuwa mai ƙotar katako, wadda kowa ya san irinta, wadda ake samun harsashinta ko a shagon ƙauye. Kar ka yi mata fenti, kar ka sassaƙa sunanka a jiki." Ya sauko da wata doguwa daga bango ya shafa ta. "Wannan dala ɗari uku da hamsin. Ba ta faɗuwa a kasuwa. Jikanka ma zai sayar da ita haka."

Ana cike min takardu, ana binciken ko na taɓa fashi, sai ga maƙwabcina Orval a lungu, kansa a cikin wani duro yana zaƙulo bindigogin da tsatsa ta gama da su. Wata ba kunama, wata bakinta ya lanƙwashe, wata kuma gizo-gizo ya yi iyali a ciki. Dala ashirin-ashirin ya biya, ya tara dami.

Na ce, "Orval, gwangwan ka koma saye?"

"Kai dai sayi taka ta jikoki," in ji shi. "Ni tawa ta 'yan kwanaki ce."

Washegari da sassafe na laɓe a bakin gona. Aladu suka zo, na saita, na danna kunama. Harbin farko ya tafi gaida gajimare, na biyu ya tsinke wayar shinge, na uku ya samu tankin da nake ban ruwa da shi, a tsakiya sosai, irin harbin da ake ba mutum kyauta a kansa. Aladun suka ɗan ja da baya, suka dawo suka sha ruwan.

Glenda ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Bayan 'yan kwanaki ta ajiye min jarida kusa da kofin gahawa. Manyanmu sun fito da sabon shiri na raba gari da makamai: duk wanda ya kawo bindiga ranar Asabar, mai aiki ko matacciya, ba tambaya, za a ba shi katin sayen kayan abinci na dala ɗari uku a kan kowace ɗaya. A nan na gane dalilin da ya sa Orval ya shiga duro. Surukarsa ce ke dafa wa kwamiti gahawa.

"Asarar hamsin da sauƙi," in ji Glenda, "kafin ka harbe mana mota."

To ka ji abin da ya kai ni layi. Filin ya sha ado, gaskiya. An kafa rumfuna, an ɗauko makaɗa, an rataya hoton Mai Girma wanda ya fi ƙofar coci girma. Orval na can gaba da baro, ya zo tun kafin masu shara. Bayansa wani tsoho ne riƙe da bututun famfo da ya ɗaure a jikin katako da waya. Na ce masa, "Kawu, wannan bindiga ce?" Ya ce, "Sun ce ba tambaya, kai kuma ga ka kana tambaya."

Mai Girma ya iso bayan rana ta take. Ya yi jawabi mai ratsa zuciya, ya ce daga yau kowa ya yi barci da ido biyu rufe. Ya ɗaga ɗaya daga cikin bindigogin Orval don a ɗauke shi hoto, ƙotar ta zame ta faɗa masa a kan takalmi, aka tafa. Aka biya Orval damin nan nasa kaf, aka biya mai bututun famfo. Layi ya matsa, saura mutum kaɗan a zo kaina, sai wata mata ta ɗauki lasifika ta ce kati ya ƙare. Wai kasafin ya ɗan taɓu wajen rumfa da makaɗa da hoto. Amma duk mai kishin gari yana iya ajiye tasa kyauta, a ba shi hula.

Na juyo da bargona. A bakin ƙofar fili wa zan gani? Hoyt ne ya kafa tebur a inuwa, yana sayen masu kyau daga hannun waɗanda kati bai kai kansu ba. Na ji sanyi a raina, na ce ga ɗan'uwa. Ya buɗe bargon, ya leƙa bakin bindigar, ya tsuke fuska.

"Ɗari biyu."

"Hoyt, kai da bakinka ka ce ba ta faɗuwa."

"Ai ba ta faɗi ba, Lonnie. Ranar Litinin ɗari uku da hamsin zan sa mata, ko kwabo ba ragi. Darajarta na nan daram. Ni dai ban ce maka a hannun wa ba."

Na naɗe abata na yi gida. A hanya Orval ya wuce ni, bayan motarsa cike da buhunan gari da katan-katan na lemo, yana ɗaga min hannu kamar ɗan takara.

Glenda ta saurari labarin har ƙarshe, ta karɓi bindigar ta jujjuya ta, ta tambayi inda na ajiye sauran harsashin. Ranar Lahadi da gari ya waye, ina neman silifas ɗina, na ji harbi biyu. Na fito a guje. Ga ta tsaye a bakin gona da rigar zuwa coci, ga wani ƙaton toron alade kwance a tsakanin kunyoyi, ga wani a gindin shinge. Ashe a gonar mahaifinta ta koya tun tana 'yar yarinya. Shekara da shekaru muna tare ban sani ba. Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa min ba, ta ce ban taɓa tambaya ba, kuma in je in gyara tankin.

Yanzu firiza ta cika da nama, sauran kankanar ta tsira, garken ya koma ta wajen gonar Orval. Bindiga kuma ba ta sayarwa ba ce. An kafa mata ƙusa a bayan ƙofa, an kuma shaida min cewa in ina son taɓa ta in nemi izini.

Jiya manyanmu suka ba da sanarwar gagarumar nasara: an raba gari da tarin miyagun makamai. Sai dai kuɗin narkar da su bai samu shiga kasafin bana ba, don haka za a yi gwanjonsu a wata mai kamawa, dala biyar-biyar. Na leƙa ta shinge ɗazu, na tarar da Orval yana ba tayar baronsa iska.