Rasuwar Bahaguwa, Wuƙar Gidan Arakaki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun hagu da ya rasa abin riƙewa, ni Leoncio Arakaki, mai sayar da sebice, wato ɗanyen kifin da ake jiƙawa a ruwan lemun tsami, a bakin kasuwar kifi ta Callao, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da mazauna benenmu rasuwar wuƙata, wadda aka fi sani da Bahaguwa. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a kan katakon yanka, tana tsakiyar aiki, bayan doguwar jinya. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da 'yan kai a hannunmu. Shekarunta na kafin nan kuwa, Allah kaɗai ya sani, sai wanda ya sayar mana da ita, shi ma ya riga mu gidan gaskiya da sirrinsa.

Marigayiya ta rayu tana cewa ita 'yar Japan ce, mu kuma ba mu taɓa ƙaryata ta a gaban baƙi ba. Akwai rubutu a jikin ruwanta, irin na can. Ranar da na kai wa gwaggona Shizue ta karanta mini, ta ɗora tabarau, ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, wanda ya zana wannan bai taɓa ganin Japan ba ko a mafarki." Ban ji haushi ba. Ni ma sunana na can ne, idanuna na can ne, amma iyakar tafiyata a kan ruwa ita ce bayan tsibirin nan da muke hangowa daga tasha. Mun dace da juna.

Mun haɗu ne a shekarar da na yi aure na kafa tebur. Wuƙaƙen ainihi suna wani kanti a tsakiyar Lima, a bayan gilashi, kowace da kuɗin da zai cinye cinikina na wata uku. Nakan je in gaishe su in dawo. Ita kuwa a kasuwar tsofaffin kaya na same ta, cikin kwali, tsakanin kwaɗuna marasa makulli da kan keken ɗinki. Mai kayan ya sallama mini ita a kuɗin kifin wuni ɗaya, har ya ƙara mini da takobi gyara. Duk mai hankali idan aka ba shi takobi gyara zai tsaya ya yi tambaya. Ni na rungume kayana na yi gida ina murna.

A gida asiri ya tonu. Irin waɗannan wuƙaƙe gefe ɗaya ake fitar musu da kaifi, ita kuma nata yana gefen da bahago ne kaɗai zai ji daɗinsa, shi ya sa ta yi kwantai. Ina ɗora ta a kan kifi da hannun dama, sai ta kama hanyarta daban, in nufi gabas ta yi kudu. Matata Zoila, wadda sistocin makarantar coci suka sha bugun hannunta don ta daina rubutu da hagu, tana tsaye tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kawo nan, Leo. Kai ka biya, amma ni aka ƙera wa." Ta ja ta sau ɗaya, yankan ya fito siriri har kana ganin katako ta cikinsa. Daga ranar aka raba aiki: ita yanka, ni matsar lemun tsami da kiran masu saye.

Mun shaidi marigayiya da halaye nagari. Ba ta taɓa wulaƙanta kifi don arahar sa ba, yadda take shiga na masu kuɗi haka take shiga na talaka. Ba ta ƙyamar albasa. Ba ta yarda a are ta ba, kuma wanda ya ɗauke ta ba da izini ba yakan dawo da ita yana tsotsar yatsa. Tana da aibi ɗaya, ƙarfenta mai laushi ne, ba ta riƙe kaifi, kuma ta fi kowa saurin tsatsa idan aka bar ta da jiƙa. Wanda ya sayi araha ya san da haka, ba mu taɓa yi mata gori ba.

Da Allah ya karɓi Zoila, na rufe tebur na wani lokaci. Ranar da na buɗe akwatin aiki, na ɗauki wuƙar da hagu don in matsar da ita kawai, sai babban yatsana ya faɗa cikin wani ɗan lotsawa a ƙotar, inda nata ya cinye itacen a hankali.  Daga nan na fara koya wa hannuna na hagu yanka, ina tsoho, masu kifi suna yi mini tsiya suna cewa yatsuna sun fi kifin shan wuƙa. Na iya daga baya. Ba don gwaninta na yi ba, wurin da ta riƙe nake son riƙewa.

Muryar marigayiya ba ɓoyayyiya ba ce ga mazauna benenmu. A kan katako tana cewa tak, tak, tak. A kan dutsen washi kuwa, shaa, shaa, shaa, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Kullum da yamma idan na dawo, nakan jiƙa dutsen in zauna a gindin bangon da ya raba ni da maƙwabciyata Doña Clotilde, daidai lokacin da take kallon wasan kwaikwayonta na talabijin. Ba a jimawa sai amsa ta zo daga bayan bango: dum, dum, dum, da sandar tsintsiya.

"Arakaki! Yau kuma wa za ka yanka?"

"Ke, idan kin leƙo!"

"Tsohon banza! Allah ya sa ta karye!"

Sai in ƙara mata shaa biyu masu ƙarfi, in wanke dutse, in ci abinci. Zan faɗa a fili tunda ranar faɗar gaskiya ce: masu saye suna ce mini maigida, yara suna ce mini kaka, amma tun da Zoila ta tafi, wannan zagin ne kaɗai wurin da ake kiran sunana a cikin gidan nan.

Ciwon ajali ya fara da rama. Wuƙar da ta zo mana da faɗin yatsa uku ta yi ta zubewa har ta koma kamar tsinken nama. Rubutun Japan ɗin ma ya bi ruwan dutse ya tafi. Ranar Talata ta haɗu da ƙashin bayan wani babban kifi, ta ce ƙyas, ta rabu biyu. Na naɗe ta a tawul na tare Don Melitón, mai yawo da keken washi yana busa sarewa. Ya duba, ya girgiza kai.

"Maigida, wannan ai ba ƙashi ne ya kashe ta ba. Sau nawa kake wasa ta?"

Na ce kullum.

"Kullum? Sau ɗaya a mako ya ishe ta! Me kake nema a jikinta haka?"

Na karɓi gawata na yi masa godiya.

Ta rasu ta bar yayanta takobi, wanda yake rataye a bango tun ranar da ya lanƙwashe a kan kankana, bai ƙara fita yaƙi ba. Ta bar dutsen washi, wanda tsakiyarsa ta rame saboda ita. Ta bar katakon yanka, da kube na kwali da Zoila ta ɗinka mata. Ta bar 'yarmu Midori, wadda take aiki a masana'antar shirya abinci a can Japan ɗin ta gaske, inda ranarmu take darensu. Da na kira na gaya mata, ta ce, "Haba Baba, wuƙa ce fa. Zan aiko maka da ta ainihi, wadda sai ka shekara ba ka wasa ta ba." Allah ya yi mata albarka, yarinyar kirki ce. Amma me zan yi da wuƙar da ba ta bukatar washi?

Ta kuma bar ni. Tun ranar Talata bangon nan bai ce uffan ba. Na gwada wuƙar burodi a kan dutsen, sai wani ƙiƙi-ƙiƙi take yi kamar ɓera, ba a ko tanka ba. Ina jin talabijin ɗin Doña Clotilde, ina jin tarinta, ina jin sanda take ajiye cokali. Shekaranjiya muka yi kiciɓis a matattakala. Ta matsa gefe ta ba ni hanya, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Barka da yamma, Don Leoncio. Na ji abin da ya faru. Wallahi da na ce ta karye, ba har zuciyata ba ne." Sai ta wuce sumui-sumui. Jama'a, a shekarun nan duka matar nan ba ta taɓa yi mini magana mai ciwo irin wannan gaisuwar ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da yamma, bayan an taso daga coci, a tsakar gidan benenmu, a gindin bishiyar lemun tsami da Zoila ta dasa. Ruwan wuƙar kaɗai za a binne, ƙotar tana wurina. Ba a bukatar furanni. Za a raba sebice, sai dai a yi haƙuri da kaurin yanka, da wuƙar aro aka yi. An tanadi kujeru biyu, idan jama'a sun fi haka za a aro.

Kafin a fito da gawa, daidai lokacin wasan kwaikwayo, za a ɗora abin da ya rage na marigayiya a kan dutsenta a gindin bango, a yi mata washin bankwana da iyakar ƙarfi, kuma ba za a yi sauri ba. An manna wannan sanarwa da manyan baƙaƙe a ƙofar da ke kusa da tawa, saboda mai raunin ido. Duk wanda ƙarar ta dama, ya san inda tsintsiyarsa take. Iyalan marigayiya suna nan zaune a gindin bangon, suna saurare.

Allah ya jiƙan Bahaguwa, ya sa ta huta.